Cokalin Yatsa-Goma

Tun kafin a kawo kwamfutoci cibiyar koyon manya ta bayan layinmu, Yatsa-Goma ya riga ya gama koyar da su a bencin shagona. Ni tela ne, kuma duk wanda ya ajiye benci a ƙofar shago ya san ba shi ke zaɓen mai zama a kai ba. Kullum da hantsi zai iso da jaridar makon jiya a hammata, ya zauna, ya baje yatsunsa a gwiwa, ya shiga ba mu labarin shekara talatin da ya yi a ofis.

"Tafireta uku na kashe da hannun nan," in ji shi. "Idan na fara bugu, sai an kawo ruwa ana yayyafa wa inji. Yatsa goma nake sawa, idona a rufe, ina hira da baƙi."

Daga nan sunan ya bi shi. Babu wanda ya taɓa ganin ya buga ko harafi ɗaya, amma da yake babu tafireta a layin, babu mai ƙaryata shi.

A cibiyar, mu bakwai ne a ajin masu fara koyon Turanci, duk manya masu iyali. Wata uku Malama tana fama da mu har muka iya A, B, C da ƴan gaishe-gaishe. A makon da wani kamfanin aika kaya ya ba cibiyar kyautar kwamfuta shida, a makon Malama ta tafi hutun haihuwa. Shugaban cibiya ya shiga neman wanda zai koya mana bugu na mako huɗu, don Manajan kamfanin ya ce zai zo da kansa a ƙarshen wata ya ga abin da aka yi da kyautarsa. Yatsa-Goma bai jira an neme shi ba. Ya kai kansa ofishin Shugaba, ya yi minti arba'in yana magana, ya fito da makullin ɗakin kwamfuta yana kaɗa shi a yatsa.

Cikin mu bakwai akwai Yayata, wadda nake bi. Shekara goma sha ɗaya tana shara da goge-goge a wannan kamfanin. Bayanta ya gaji. Idan ta sunkuya da safe sai ta dafa bango kafin ta miƙe, likita kuma ya ce mata in ba ta bar sunkuyo ba, wata rana miƙewar za ta gagara. To akawun da ke rubuta sunaye da adireshin masu kawo kaya zai yi ritaya a ƙarshen watan, Manaja kuwa ya ce mata idan ta kawo takardar shaida daga cibiya cewa ta iya bugu da Turanci, kujerar tata ce. Mu sauran mun zo ne don a ce mun iya. Yaya kujera ta zo nema.

Ranar farko Yatsa-Goma ya shigo da tsohon kwat ɗin da na rage masa hannu, biro uku a aljihun gaba. Nan take ya naɗa ni monita, ya miƙa mini takardar sunaye. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Bai kunna kwamfuta ba. Ya ce inji ba ya son a afka masa, sai an saba. Ya sa muka ɗaga hannuwa sama muna motsa yatsu awa guda, shi kuma yana zagayawa yana cewa, "Saki! Ƙanƙame! Saki!" Masu wucewa suka fara tsayawa a taga. Wata tsohuwa ta leƙo ta tambaya ko asibitin ciwon gaɓɓai aka buɗe, don ita ma tana da nata.

Da aka zo rabon kwamfuta, shida ne mu kuwa bakwai. Ya ce kowa ya miƙo hannu a duba. Ya bi ƴan ajin ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Direba, ya wuce Mai Kanti, ya wuce Mahauci wanda kowane yatsansa ya isa ya danne haruffa biyu a tare. Da ya zo kan Yaya sai ya tsaya, ya juya tafinta mai kanta.

"Baiwar Allah, waɗannan yatsun tsintsiya ne."

"Su ne dai Allah ya ba ni, Malam."

"To Allah ya ba su haƙuri. Koma baya."

A ƙasan kwali akwai wani tsohon kibod, wato allon haruffan da ake dannawa, marar waya, da alama da shi aka cike gurbi don kada kaya su motsa. Shi ya ɗora mata a tebur a bayan aji, babu kwamfuta babu komai. Akwai kuma wani ɗan littafi da Malama ta bari, mai hoton hannuwa biyu, kowane yatsa da launinsa da haruffansa. Ya ɗaga shi da yatsa biyu ya nuna mana.

"Hoton hannu! Ga hannu mai rai a gabanku, za a ba ku hoto?"

Ya jefa shi kwandon shara. Yaya ba ta iya wuce kwandon shara ba ta leƙa ba, aikin shekara goma sha ɗaya ne. Da aka tashi na ga littafin a jakarta.

Rana ta uku Mahauci ya ɗaga hannu.

"Malam, ni fa akwai abin da ya dame ni. Wata uku Malama na fama da mu, A, B, C. Na haddace har ina rerawa ina saran ƙashi. Yanzu na zo nan na tarar Q ce a gaba, A ta koma layi na biyu, B kuwa tun jiya nake nemanta."

"Tana ƙasa, kusa da N," in ji Yaya daga baya.

"Ba a tambayi bayan aji ba," in ji Yatsa-Goma.

Ya duƙa a kan kibod ɗin Mahauci, ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Ko ni da nake monita na lura kallon ba na wanda ya kashe tafireta uku ba ne. Can ya miƙe, ya gyara kwat, ya yi murmushi.

"Madalla. Da ma shiru na yi in ga ko akwai mai ido a ajin nan. Kuskuren masu ƙerawa ne. Gaggawa! Yadda suka kwaso haruffan daga buhu, haka suke manna su. A ofishinmu ni nake gyara musu."

"Duk shidan kuskure iri ɗaya?" in ji Direba.

"Buhun ɗaya ne."

Daga nan abin ya hau masa kai. Ya ce zai jera haruffan kamar yadda aka san su tun fil azal, A a farko, Z a ƙarshe, ta yadda duk wanda ya iya waƙar A, B, C ya iya bugu. Ya ce aikin mako huɗu zai koma na kwana huɗu. Ya ce za a kira abin Tsarin Yatsa-Goma, kuma idan Manaja ya gani, shi da kansa zai aika wa masu ƙerawa su zo ɗaukar darasi. Muka tafa masa, har da ni, ni ma na fi kowa.

Washegari ya zo da cokalin shayi. Ya zura bakinsa ƙarƙashin Q ya ɗaga, sai ji muka yi ɓas, harafi ya yi sama ya bugi rufi. Na biyu ya faɗa jakar Mai Kanti, sai da ta zazzage kayanta duka a tebur kafin a same shi. Wata E ta fita ta taga ta faɗa kwata, Direba ya bi ta da sanda, ya dawo da ita yana toshe hanci. Dogon maɓallin ƙasa na kwamfuta ta huɗu ya karye gida biyu, aka ɗaure shi da salatif. Ya sa aka tara haruffan duka a kwano ɗaya, sannan muka zauna muna rera A, B, C muna dannawa ɗaya bayan ɗaya, tun daga kusurwar hagu ta sama. Da aka gama, K ɗaya ta ɓace, aka nema har ƙarƙashin kabad ba a gan ta ba. Na ruga shago na ɗauko farin maɓallin riga, na rubuta K da biro, muka manna.

Ya juya kan na Yaya. Ya zura cokali ya ɗaga, abu ya ƙi. Ƙura da tsufa sun riƙe haruffan gam. Ya ƙara ƙarfi har cokalin ya lanƙwashe.

"Bar shi," ya ce yana haki. "Da shi da mai shi sun dace."

Yaya ta jawo kibod ɗinta gabanta. Ta jingina ɗan littafin da bango, ta ɗora yatsunta a layin tsakiya, ta ci gaba da dannawa tana kallon hoton.

Ran Litinin aka kunna injuna. Ya rubuta GOOD MORNING a allo, ya ce kowa ya buga. Wallahi abin ya yi daɗi, ko'ina ka nemi harafi yana nan inda waƙa ta ajiye shi. Na gama na ɗaga kai, sai na ga fuskar kwamfutata ta rubuta UGGR DGKFOFU. Na leƙa ta Mahauci, haka. Ta Mai Kanti, haka.

"Malam," in ji Direba, "wannan gaisuwa ce ko tari?"

Yatsa-Goma ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya share da jarida.

"Kun ga amfanin ilimi? Turanci hawa biyu ne. Akwai na baki, wanda Malama ta koya muku don gaisawa da mutane a hanya. Akwai na cikin inji, wanda manyan ofisoshi ke aiki da shi. Kai ka danna na baki, inji ya ɗaga shi zuwa na sama."

"To ya ake karanta shi?"

"Ba a karanta shi. Aika shi ake yi."

Kada ku yi mana dariya da yawa. Mu da ko Turancin da yake daidai sai mun bi shi da yatsa muna haɗa gumi, wa zai tashi ya rantse cewa wannan ba Turanci ba ne? Shugaba kuwa iyakarsa ƙofa. Ya leƙo, ya ji ƙarar dannawa ta cika ɗaki, ya gyaɗa kai ya koma ofishinsa.

Mai Kanti ce ta fara kai ilimin kasuwa. Ta sayi sabon firji, tana so a san tana da ruwan sanyi. Ta buga COLD WATER da manyan haruffa, aka fitar mata a takarda, ta manna a ƙofar kanti: EGSR VQZTK. Kwana biyu ta dawo aji tana huci.

"Malam, ka cuce ni! Mutum uku sun tambaye ni nawa ne kwalin maganin. Wani dattijo ya tsaya a ƙofata ya rufe ido ɗaya da hannu yana karantawa, ya ce in gwada masa tabarau. Surukina da ya yi makaranta ya yi dariya har ya zauna a kan buhun sukari!"

"A wane ofis surukin naki ya yi aiki?"

"Malamin makaranta ne."

"Kin ji ba. Na baki ya sani."

Amma daga ranar ya gane fuskar kwamfuta ce ke jawo masa tambaya. Washegari ya zo da rigunan filo shida masu furanni, ya lulluɓe kowace fuska. Ya ce ƙwararre ba ya kallon abin da ya rubuta, raunin zuciya ne. Muka ci gaba da bugu a gaban furanni, ba mai ganin komai, kowa na jin ya ƙware. Mahauci har ya fara bugu da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan.

Ana cikin haka matar Yatsa-Goma ta faɗo ajin. Gwaggo muke ce mata a layi, mace ce mai magana ɗaya.

"Malam, ina rigunan filona?"

"Suna aikin ilimi."

"Cokalina fa?"

"Shi ma."

"Shi ma ya samu aiki kenan. Gidan nan kowa ya samu aiki sai kai." Ta dubi kwamfutocin sanye da rigunanta, ta dube mu. "Ku kuma da gemunku da ƴaƴanku, kun zauna kuna yi wa filo tausa?"

"Mace, fita, kina ɓata wa ɗalibai natsuwa."

Ta fita, amma ta ce ranar taron zuwan Manaja za ta zo ta karɓi kayanta a gaban kowa.

A mako na uku Yaya ta biyo ta shagona bayan ta tashi aiki. Ta zauna a bencin a hankali, tana dafe da ƙugu.

"Auta, zo ka ji. Akawun nan yana barina in taɓa kwamfutarsa idan ya fita cin abinci. Abin da na danna shi ke fitowa. Babu wani hawa biyu."

"Yaya, tasa ba a gyara ta ba."

"Taku ce aka ɓata. Murfin haruffan kawai Malam ya canja. Kamar ka cire lambar gidan nan ka manna a gidan can ne, mutanen ciki ba su tashi ba."

Maganar ta shige ni, amma ni monita ne, kuma maɓallin rigata na kan kwamfuta ta biyu.

"Mutum ya yi shekara talatin a ofis, ke kuma kin yi kwana goma a bayan aji," na ce mata. "Ki bari mana."

Ta dube ni kawai, ta dafa bango ta miƙe.

Washegari ta ɗaga hannu a aji ta faɗi abin da ta faɗa mini, cikin ladabi, har da "Allah ya ba Malam haƙuri". Yatsa-Goma ya tsaya cak.

"Wato tsintsiya ce za ta koya wa biro rubutu? Monita!"

"Na'am, Malam."

"Soke sunanta. Wanda bai bi Tsari ba, ba shi da takardar shaida."

"Malam, aikina ne ke kan takardar nan," in ji Yaya. Muryarta ta yi ƙasa.

"Da kin tuna da haka kafin ki buɗe baki."

Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauki biro na ja layi a kan sunan matar da ta goya ni. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ita kuma ba ta daina zuwa ba, kullum tana bayan aji da mataccen kibod ɗinta, tana dannawa tana kallon bango.

Ranar taro aka jera kujeru a babban ɗaki bayan azahar. Iyalanmu suka cika wuri, ƴan layi suka cika tagogi. Malama ta zo da jaririnta a kafaɗa. Gwaggo ta zauna a layin gaba da jaka babba. Manaja ya iso da majigi daga kamfani, ya sa aka haɗa shi da kwamfuta ta farko, ta yadda duk abin da aka buga zai fito a farin bango, kowane harafi ya kai girman kan mutum. Da Yatsa-Goma ya ga bangon ya haskaka, sai na ga ya ciro jarida ya share goshi.

Ya yi jawabi na rabin awa. Ya ambaci tafireta uku, ya ambaci ruwan da ake yayyafawa, ya ce yau duniya za ta ga gyaran da masu ƙerawa suka kasa. Manaja ya duba agogo.

"Malam, an ce ido a rufe kake bugu. Buga mana WELCOME mu gani."

"Ranka ya daɗe, zan fara da ido a buɗe saboda na baya su amfana."

Ya zauna. Ya naɗe hannun kwat. Ya ɗaga yatsun nan goma sama ya kaɗa su, sannan ya naɗe tara, ya bar ɗaya. Ya shiga farautar haruffa yana rera A, B, C ƙasa-ƙasa. Bango ya rubuta VTSEGDT.

Manaja ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Mene ne wannan?"

"Majigin ne, ranka ya daɗe. Bai saba da wurin ba."

Aka mayar da waya kan kwamfuta ta biyu. VTSEGDT. Ta uku, haka. A ta huɗu salatif ya saki, rabin dogon maɓallin ya yi tsalle ya faɗa cinyar Shugaba. Yara suka fara karanta bangon da ƙarfi, kowa da yadda ya ga dama. Dattijon nan mai neman tabarau yana taga, ya sake rufe ido ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Yatsa-Goma, "ka san ai Turanci hawa biyu ne. Wannan na manyan ofisoshi ne."

"Shekara ashirin ina babban ofis. A wane hawa ake wannan?"

"Sama da naku kaɗan."

Malama ta miƙa wa wata jaririn, ta tako ta leƙa kibod ɗin kwamfuta ta biyu. Ta yi salati, ta dafe kai, ta sake leƙawa.

"Wa ya jera su haka? Kuma wannan mene ne, maɓallin riga?"

Ɗaki gaba ɗaya ya juyo ya dube ni, don tela ɗaya ne a layin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gwaggo ta miƙe, ta fara cire rigunan filonta tana ninkewa tana sawa a jaka.

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Masinja ne. Shekara talatin yana kai takarda daga hawa na ɗaya zuwa na uku. Tafireta ukun kuwa gaskiya ne, shi ya kashe su. A matakala suka suɓuce masa."

Dariya ta ɓarke har waje. Mahauci ya kifa kai a tebur yana dukansa da hannu. Manaja kaɗai bai yi dariya ba. Ya juya ga Shugaba, wanda ke riƙe da rabin maɓalli bai san inda zai ajiye shi ba.

"Gobe zan aiko mota a kwashe injunan. Takardar shaidar wurin nan kuma, kada wanda ya kawo mini ita."

Nan take na daina dariya. Na waiwaya bayan ɗaki. Yaya na zaune a kan benci, jakarta a cinya, ta runtse ido. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, akwai ɗaliba ɗaya da ba a gwada ba. Ni na soke sunanta, da hannuna, kuma ita ce mai gaskiya."

Manaja ya hango ta ya gane ta. Ya ce ta zo, aka mayar da waya kan kwamfuta ta farko. Ta taho a hankali tana dafa bayan kujeru. Malama ta ce a jira a samo kibod mai lafiya, don wannan zai rikita ta.

"Bar shi, Malama. Ba kallonsa zan yi ba. Gwaggo, ara mini ɗaya."

Gwaggo ta zaro rigar filo ta miƙa mata. Yaya ta ɗora yatsunta a layin tsakiya, ta sa aka lulluɓe hannuwan, ta ɗaga kai ta dubi bango. Manaja ya zaro takardar wani kaya daga aljihu, ya fara karanto suna da adireshi, yana bin kalmomin harafi-harafi.

Ba sauri ta yi ba. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Amma abin da ya faɗa shi ke fitowa a bango. A layi na biyu ta yi kuskure, ɗaki ya ja numfashi, ta goge da kanta ta gyara. Malama na tsaye a bayanta tana share ido da gefen mayafi. Da ta kai ƙarshe Manaja ya ɗaga takardarsa ya gwada da bango, layi bayan layi.

"Daidai," ya ce.

Kafin tafi ya lafa, Yatsa-Goma ya riga ya iso gaba yana buɗe hannuwa.

"Kun gani! Ɗalibata ce! Da gangan na kai ta baya don kada surutu ya dame ta. Rufe hannun nan ma dabarata ce, har rigar filon tawa ce!"

"Tawa ce," in ji Gwaggo, ta fizge abinta.

Manaja ya ce injuna za su zauna, amma Malama ce za ta koyar idan ta dawo. Ya ce wa Yaya ran Litinin ta miƙa tsintsiya a sito ta same shi a ofis. Takardar shaida ɗaya aka bayar a ranar, kuma da yake babu wanda zai iya buga ta, ita ta buga abarta.

Shugaba ya karɓe makulli, ya ce Yatsa-Goma ba zai bar cibiyar ba sai ya mayar da kowane harafi gidansa. Ya tsaya a gaban kibod shida da lanƙwasasshen cokali a hannu, ya ɗaga A, ya rasa inda zai kai ta. Can ya matso kusa da Yaya yana magana ƙasa-ƙasa.

"Baiwar Allah, wannan tsohon naki, ko za ki ara mini in ɗan duba wani abu?"

"Yana inda ka ajiye ni, Malam. Akwai wuri a bayan aji."

Kwana huɗu ya yi a can yana kwafa harafi-harafi.

Ran Litinin da rana na rufe shago na tafi kamfanin, da ɗan matashin da na ɗinka mata na jingina baya. Na tsaya a ƙofa na hango ta bayan tebur, ƙafafunta ko ƙasa ba su kai ba, wani mutum na tsaye a gabanta da kwali yana jira ta gama. Sai a lokacin na tuna shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin Yaya a zaune a wurin aikinta ba. Na ba ta haƙuri. Ta karɓi matashin ta sa a bayanta, ta ce, "Monita, matsa, kana tare mini layi."

Da na koma shago na tarar da Yatsa-Goma a benci yana ba mutum biyu labarin yadda ya horar da akawun kamfani cikin mako huɗu. Yana ganina ya taso, ya leƙa ta taga yana ƙare wa keken ɗinkina kallo.

"Tela, ka taɓa lura masu ƙera keken nan sun sa dabaran a dama? Kuskure ne. Minti goma ya ishe ni."

Na dubi aljihun kwat ɗinsa. Biro uku, da bakin cokali.

Tun ranar na shigar da bencin ciki, ni ma a tsaye nake karɓar baƙi.